Ƙafa Na Gudu, Alƙalami Na Barci: Daga Ahmed Musa Zuwa Filayen Azare

Da an idar da sallar la'asar a Azare, filayen makarantun firamare sukan sauya masu su. Ɗalibai sun tashi tun azahar, sai samarin unguwa su shigo da ƙwallo, wasu da takalmin wasa na gwanjo, wasu da na roba, wasu ƙafa ba komai. A kafa sanduna biyu ko duwatsu a matsayin raga. Kafin a jima ƙura ta turnuƙe.

A kusan kowane fili akwai yaro guda da ake ajiyewa a gefe, lamba 7 ko 11, wanda dabarar ƙungiyarsu kaf a kansa ta ƙare: a doka masa ƙwallo gaba, ya bi ta. Ba a cika kiransa da sunan yanka ba. Wani Mbappe ne, wani Vinicius, amma sunan da ya fi daɗewa a bakin mutane shi ne Ahmed Musa. Haka abin yake a Chinade da Madara, haka a Jama'are da Yana da Gamawa, har tsohon garin Katagum.

Tambayi 'yan kallon bakin fili ƙwallo nawa yaron nan ya ci a gasar bara. Nan take musu zai kaure. Wannan ya ce 10, wancan ya rantse sun haura 20, wani ya ce ai rabinsu satar gida ne, alƙalin wasa ya kau da kai. Babu mai takarda.

Da daddare kuma samarin nan ne dai a gidan kallo, janareto na ruri a waje. A nan kowa malami ne. Sun san ƙwallayen Haaland na kakar bana da na bara, sun san kilomita nawa a awa wane ya gudu, don talabijin ya rubuto a ƙasan allo. Lissafin ɗan Norway yana kansu daram. Na ɗan maƙwabcinsu kuwa ya bi iska.

Wasu za su ce wannan ba abin damuwa ba ne, ai wasa ne. Amma tarihin mutumin da suke aron sunansa ya nuna cewa tsakanin mai gudun da duniya ta sani da wanda ya tsufa a unguwa, sau da yawa alƙalami ne ya raba.

Lambar da ta buɗe ƙofa

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyarsa. Ya taso a makarantar horas da 'yan ƙwallo ta GBS, aka ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH ta Jos, daga nan ya wuce Kano Pillars.

A kakar 2009/2010, yana ɗan shekara 17, ya zura ƙwallo 18 a gasar Firimiyar Najeriya. Kafin shi, 17 ɗin da Ishaya Jatau ya ci a 1990 ita ce ƙololuwa, ta yi shekara 20 ba wanda ya taɓa ta. Tarihin na Musa bai daɗe ba, don Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo baya, Mfon Udoh na Enyimba kuma ya kai 23 a 2014. Amma lambar ta riga ta yi masa aikinta.

Masu gudu sun cika Arewa a wancan lokacin, kamar yadda suka cika ta yau. Abin da Musa ya fi su da shi shi ne yana da adadin da wanda bai taɓa taka filin wasa na Sani Abacha ba zai karanta a takarda ya gane: shekara 17, ƙwallo 18, babbar gasar ƙasa. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ta jira ya cika 18 a watan Oktoba, domin dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin waɗannan shekarun. Ga wata lambar kuma, ranar haihuwa, ita ma tana da iko a kan makomar ɗan wasa.

Abin sha'awa, Venlo ɗin nan ba baƙuwar ƙafar ɗan Arewa ba ce. A farkon shekarun 1990 Tijjani Babangida na Kaduna ya yi zaman aro a can kafin ya yi suna a Roda da Ajax. Waɗanda suka kalli ƙwallo a wancan zamanin ba su manta da shi ba: zinaren gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, da ƙwallaye 2 da ya ɗura wa Afirka ta Kudu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2000. Har a wasan kwamfuta yara sukan yi rububin ɗaukarsa saboda gudu.

A Janairun 2012 Musa ya koma CSKA ta Mosko, kuma a nan ya yi shekarunsa mafi albarka a ƙungiya. Ya ɗauki kofin gasar Rasha sau 3, a 2013 da 2014 da 2016, ya ci sama da ƙwallo 40 a gasar. A tsakanin nan ne yana cikin tawagar marigayi Stephen Keshi da ta ɗauko kofin Afirka a 2013, har ya ci ɗaya daga cikin ƙwallaye 4 da aka zuba wa Mali a Durban.

Rana biyu da ba a mantawa, da kaka guda da ba a son tunawa

Ranar 25 ga Yunin 2014, a Porto Alegre ta Brazil, Messi ya ci Najeriya a minti na 3. Kafin 'yan gidan kallo su gama salati, Musa ya farke a minti na 4. Ya sake ci jim kaɗan da dawowa hutun rabin lokaci. Ajantina ce ta yi nasara da 3 da 2, amma ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci ƙwallo 2 a wasa guda a gasar cin kofin duniya.

Bayan shekara 4, ranar 22 ga Yunin 2018 a Volgograd, ya maimaita a kan Iceland. Ta farkon gwaninta ce, ya tare ƙwallon da Victor Moses ya kwaso masa ya buga kafin ta zauna. Ta biyun ita ce Ahmed Musa sak: doguwar ƙwallo daga baya, ya bi ta gefen hagu, ya bar ɗan baya yana haki, ya kwantar da mai tsaron gida, ya nutsu, ya zuba. Da ƙwallaye 4 ɗin nan ya fi kowane ɗan Najeriya ci a kofin duniya, kuma shi ne na farko da ya ci a gasa biyu daban-daban.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai Leicester. A bazarar 2016, tana riƙe da kofin Ingila, ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16, kuɗin da ba ta taɓa biya a kan ɗan wasa ba a lokacin. A wasan sada zumunta da Barcelona a Stockholm ya ci 2, ɗaya da gudu tun daga nesa. A Arewa ranar kamar an yi salla.

Da aka shiga gasar sosai sai labari ya sha bamban. Wasa kusan 20, ƙwallo 2. A Ingila 'yan baya ma suna da ƙafa, ba a barin fili a bayansu kamar yadda ya saba samu, ƙungiyar kuma tana cikin ruɗani har ta sallami kocinta Claudio Ranieri a Fabrairun 2017. Ana iya kawo uzuri iri-iri, kuma wasu na gaskiya ne. Amma alƙalamin da ya buɗe masa ƙofa shi ne ya rufe ta. A farkon 2018 aka mayar da shi CSKA aro.

Sauran tafiyar sananniya ce: Al-Nassr ta Saudiyya, inda ya ɗauki kofin gasar a 2019, ɗan gajeren zama a Pillars a 2021, Fatih Karagümrük da Sivasspor a Turkiyya, sannan dawowa gida Pillars a Oktoban 2024, inda ya ci 2 a wasansa na farko. A 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Ya gina cibiyoyin wasanni a Kano da Kaduna, ya buɗe gidan mai. Duk wanda ke son ya bi sawunsa wasa bayan wasa zai iya, domin tun daga 2010 ana rubutawa. Turai ce ta fara rubuta masa dalla-dalla.

Ɓarawon da aka ƙirga masa kowace sata

Don a ga iyakar inda lissafin gudu zai iya kaiwa, sai an leƙa wani wasa da ba namu ba. Besbol wasan Amurkawa ne, da Japanawa da mutanen tsibiran Karibiyan. A Najeriya ana ɗan taɓa shi, har an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, amma a ƙasar Katagum da wuya ka samu wanda ya taɓa riƙe kulkinsa.

Ga yadda yake a taƙaice. Akwai zango 4 a fili, tsakanin kowanne da na gaba kimanin mita 27. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da kulki ya ruga zangon farko. Maki yana samuwa ne idan ya kewaye zangunan ya dawo gida. A bisa al'ada, wanda ya isa zango yakan jira abokinsa ya buga kafin ya ci gaba.

Mai ƙarfin hali ba ya jira. Da zarar mai jifa ya ɗaga hannu, sai ya zabura zuwa zango na gaba. Mai cafka da ke tsugune bayan mai bugu zai cafe ya wurga wa mai gadin zangon, idan aka taɓa mai gudun da ƙwallo kafin ya isa, ya fita. Idan ya riga, ya saci zango. Duk abin bai wuce daƙiƙa 3 da 'yan kai ba. Wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan yanayin, lokacin da ruwa yake laɓe yana auna abokan hamayya, yana jiran ƙiftawar ido guda ya kutsa ya sha.

A tarihin wasan ba a yi ɓarawo kamar Rickey Henderson ba. An haife shi a Chicago ranar Kirsimetin 1958, ya girma a Oakland ta jihar Kalifoniya, ya fara buga wa ƙungiyar garin, Athletics, a 1979. Ya yi kaka 25 yana wasa, a ƙungiyoyi 9, sai a 2003 ya buga na ƙarshe a babbar gasa.

A kakar 1982 kaɗai ya saci zango 130, ya goge 118 ɗin da Lou Brock ya yi a 1974. Ranar 1 ga Mayun 1991, a wasa da New York Yankees, ya wuce jimillar Brock ta 938, ya ciro zangon daga ƙasa ya ɗaga sama, ya shaida wa duniya cewa daga ranar shi ne gwanin gwanaye. Mutane suka ce ya cika baki. To, bai tsaya ba sai da ya kai 1,406. Tazarar da ke tsakaninsa da na biyu, wato 468, ita kaɗai ta fi abin da akasarin fitattun masu gudu suke tarawa a duk rayuwarsu ta wasa.

Amma ba yawan satar ne ya kamata ya ja hankalinmu ba. Littafin da ya rubuta 1,406 shi ne kuma ya rubuta cewa an kama shi sau 335, kuma a nan ma ba wanda ya kai shi. A shekarar da ya yi 130, an cafke shi sau 42. Ba a ɓoye masa wannan don ana ƙaunarsa ba. Masu nazarin wasan sun yi lissafi sun gano cewa mai satar da ba ya tsira a kusan 7 cikin 10 cutar da ƙungiyarsa yake yi, komai burgewar da yake wa 'yan kallo. Henderson yana tsira a kusan 8 cikin 10. Da wannan aka san ribarsa ta fi asararsa.

Lissafin ya kuma tona wani abu. Ba a satar zango sai an isa na farko tukuna, shi kuwa gwani ne wajen isa: ya buga ƙwallo mai kyau sau 3,055, kuma sau 2,190 haƙurinsa ya sa mai jifa ya yi ta kuskure har aka ba shi zangon farko kyauta. Ya dawo gida da maki 2,295, adadin da har yau ba a kamo ba. A 1998, yana shekara 39, ya fi kowa sata a gasarsu da 66. A waɗannan shekarun ba ƙafa kaɗai ke aiki ba. Ya haddace motsin masu jifa, ya san wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa ke tona masa asiri kafin ya saki ƙwallo.

Ya zama gwarzon gasarsu a 1990, ya ɗauki babban kofi da Oakland a 1989 da Toronto a 1993, aka shigar da shi zauren gwarazan wasan a 2009. Ya rasu ranar 20 ga Disambar 2024, saura kwana 5 ya cika 66. Ranar da ya rasu ba a yi musu kan abin da ya yi ba. An buɗe littafi ne kawai.

Kuma littafin ba don tarihi kaɗai ake ajiye shi ba. Da alƙaluma suka nuna sata ta ja baya, wasan yana neman ya gundiri 'yan kallo, sai hukumar gasar ta sauya doka a 2023, ta ɗan faɗaɗa zangunan, ta taƙaita yawan yadda mai jifa zai riƙa tsare mai gudu. A shekarar Ronald Acuña ya saci 73.

Wasa 100 ne ko 98?

Mu dawo gida. A Oktoban 2021 hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta yi bikin cikar Ahmed Musa wasa 100 a Super Eagles, bayan karawa da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a Douala ta Kamaru. Ba a gama taya murna ba sai ga lissafin FIFA yana cewa 98. Wasanni biyu na 2017 ne ba a ƙirga ba: na sada zumunta da Togo, inda aka sauya 'yan wasa fiye da ƙa'ida, da na Aljeriya, inda Najeriya ta sa ɗan wasan da bai cancanci bugawa ba. Hukumar ta ce ta bi na FIFA.

Daga baya ya wuce 100 ɗin ta kowane lissafi, ya zarce Joseph Yobo da Vincent Enyeama. Amma a duba fa, wannan kyaftin ɗin ƙasa ne a lokacin, a idon duniya yake wasa. Idan nasa ya rikice, ina ga na yaron da ke buga gasar cin kofin wani ɗan siyasa a Azare?

Wani lokacin ma ba rashin rubutu ne matsalar ba, rubuta ƙarya ne. Mutanen jihar Bauchi ba sa buƙatar a ba su labari, don a garin Bauchi aka yi abin. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki na ƙananan ƙungiyoyi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema. Kafin hutun rabin lokaci 7 ne da 6. Kowacce tana neman ta fi ɗayar yawan ƙwallaye, sai aka saki raga. Duniya ta yi mana dariya, hukuma ta haramta wa 'yan wasan da jami'an harkar ƙwallo har abada, ƙungiyoyin kuma shekara 10.

Sai batun shekaru, wanda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau 5, amma a 2016 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin ƙashi da ake yi da na'ura don tantance shekaru, ana dab da wasa da Nijar. A karkararmu yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai ranar da buƙata ta taso a je a yi rantsuwa a kotu, a zaɓi shekarar da ta dace da buƙatar. Mai neman 'yan wasa daga waje ya san haka. Shi ya sa yake rage daraja tun kafin ya ga yaron.

Kuɗin da ke kwance cikin rajista

Ga wanda yake ganin duk wannan surutun 'yan boko ne, ga maganar kuɗi. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kowacce gwargwadon zaman da ya yi a wurinta. A cinikin fam miliyan 16, wannan kaso fam 800,000 ne. Ko ɗan gutsuren shekara guda daga ciki ya isa ya riƙe ƙaramar ƙungiya tsawon lokaci.

Sharaɗin ɗaya ne: sai ƙungiyar tana da rajista da hukuma, yaron kuma an rubuta shi a ƙarƙashinta da kwanan wata. Tun daga ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi na musamman da ke bin tarihin ɗan wasa ta kwamfuta yana tura kuɗin kai tsaye. Kwamfuta ba ta san wane koci ne ya saya wa yaro takalmi da kuɗin aljihunsa ba, ba ta san wanda ya yi ta kai shi wasa a bayan babur ba. Sunan da ta gani a rajista shi take biya.

Abin da ke faruwa ke nan. Koci a Azare ko Misau ya raini yaro shekara 5, wata makarantar ƙwallo a Kano, Kaduna, Jos ko Abuja ta ɗauke shi ta yi masa rajista a karon farko, a takarda ya zama nata tun fil'azal. Idan Allah ya ɗaga yaron, wanda ya yi wahalar sai dai ya samu riga da hoto.

Kowa da hujjarsa

Masu horas da yara a unguwanni suna da amsarsu, kuma ba ta banza ba ce. Da yawansu sa kai suke yi. Kuɗin ƙwallo, na ruwan leda, na motar zuwa wasa, duk karo-karo ne. A ganinsu wanda bai gama da wannan ba, ba za a zo masa da zancen rajista da kuɗinta da zirga-zirga zuwa Bauchi ba, tafiyar da ta kusa kilomita 200.

Akwai kuma tsofaffin 'yan ƙwallo da ke ganin ido ya fi alƙalami. Sukan kawo misali da shi kansa Musa: a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, inda Najeriya ta zo ta biyu, bai buga ba, amma abokan wasansa sun yi ta yaba yadda ya riƙe su a matsayin babba. Wane adadi ne zai nuna wannan? Gaskiyarsu. Akwai abin da ba ya ƙirguwa. Sai dai idon koci yana Azare, mai saye kuma yana wata ƙasa, takarda ce kaɗai ke iya tafiya tsakaninsu.

Iyaye nasu tsoron daban ne. Sun ji labarin dillalan bogi da ke karɓar kuɗin gona ko na shanu da sunan kai yaro gwaji Turai, a ƙarshe a yasar da shi a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin dawowa. Sun kuma ga waɗanda suka bar makaranta saboda ƙwallo, gwiwa ta lalace, aka rasa tudun dafawa. A nan ma rubutu gata ne. Yaron da aka auna aka ga gudunsa da cin ƙwallonsa ba su kai ba, gara a gaya masa yana ɗan 16 ya riƙe karatunsa ko sana'arsa, da a bar shi yana jin kirarin 'yan bakin fili har ya kai 28.

Nawa ra'ayin, uzurin rashin kuɗi ya yi rauni a wannan zamanin. Kowace wayar hannu tana da agogon auna gudu da kyamara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗauki abin da muhimmanci, ya zauna bakin fili da littafi maimakon ya shiga ihu.

Azare ba ta rasa masu alƙalami ba

Jihar Bauchi ta san daɗin ƙwallo. Wikki Tourists ta ɗauki kofin ƙalubale a 1998, ta zo ta uku a gasar Firimiya a 2016, kuma a 2016 ɗin ɗan wasanta Godwin Obaje ne ya fi kowa ci da ƙwallo 18. Arewa kuma ba ta daina fitar da 'yan wasa ba: Shehu Abdullahi daga Sakkwato, Umar Sadiq daga Kaduna, Zaidu Sanusi daga Jega, Alhassan Yusuf daga Kano. Ba wani dalili na halitta da zai hana irinsu fitowa daga ƙasar Katagum.

Garin kuma na masu ilimi ne. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke yaye malaman da za su riƙe wasannin makarantu, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya, ga jami'ar jiha a Gadau nan kusa. Masarautar da ta adana jerin sarakunanta tun daga Malam Zaki a farkon ƙarni na 19 har zuwa Mai Martaba Alhaji Umar Faruq na Biyu ba za a ce ba ta san darajar ajiye tarihi ba.

Kira a nan ga masu shirya gasa ne, da shugabannin ƙwallo na ƙananan hukumomi, da masu hannu da shunin da ke sa kofi. Duk wanda zai sa kofi, ya ware wani abu daga kuɗin don mai rubutu: sunan kowane ɗan wasa, ranar haihuwarsa daga takardar hukumar ƙidaya, wasa nawa ya buga, wa ya ci, wa ya ba da aka ci, a kuma sa hannun alƙalin wasa da kyaftin biyu a ƙarshen kowane wasa. A auna mita 30 a gwada gudun yara sau biyu a shekara. Ƙungiyoyin unguwa su haɗa kai su yi rajista da hukumar ƙwallon jiha, ko da biyar ne za su taru ƙarƙashin suna guda. A fara da gasar da ke tafe.